Sunan da Inna Ta Faɗa a Ofishin Kati

Burkusuma,
Lahadi, 28 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Labbo,

"Ku tafi hankalinku kwance, Sa'adiyya. Duk ranar da masu rajista suka shigo Burkusuma, ni za su iske zaune ƙofar gidan Baba, ko da ƙafa za ni taho."

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ka yi haƙuri da na sa wata magana gaba da sallama. Taka ce, ba tawa ba, kuma kai ne babba, shi ya sa na ba ta wuri. Ka aiko mini da ita ta waya bara, ranar da muka gama zuba gero a rumbu. Tana nan ban goge ba, kuma sai da na saurare ta sau biyu kafin in ɗora alƙalami, don kada in ƙara maka harafi ko in rage. Bayan haka, ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya tsare ka daga sharrin kasuwa da na hanya, Ya raya maka ɗiyanka bisa tafarki na gari, amin.

Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka da wuri bana kuma bai yanke ba, gero ya wuce gwiwa, mun gama noman farko mun shiga maimai. Saniyar Inna mai farin goshi ta haihu a garken Kawu Illo, mace. Ƙanwarmu Bilki ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita. Gari lafiya wanga wata, ba mu ji ƙarar da muke tsoro ba, Allah Ya ɗorar. Na zaɓi in rubuto da hannu in ba Na'Allah direba, mai ɗaukar shanu zuwa Fatakwal, don na gaji da waya. Waya tana da dabaru da yawa: ba sabis, ba caji, kana tsakiyar ciniki, za ka kira in ka natsu. Takarda ba ta san ko ɗaya ba. Na'Allah ya ce zai miƙa maka ita hannu da hannu, ya tsaya har ka buɗe, kuma shi na san shi da cika magana.

Za ni ba ka labarin tun daga tushe, a natse, don kada gobe a ce ba a fahimta ba. Ka san yadda zamanmu yake ni da Inna tun rasuwar maigidana: damina a nan, rani a tsallaken iyaka. In rijiya ta ja baya, dabbobi suka bi Kawu Illo arewa, mu ma mu bi bayansu mu zauna wurin Bilki a ƙauyensu kusa da Maraɗi, sai an ga hadari mu dawo. Katin ƙasa muna da shi. Wanga da ake magana daban ne, na jiha ne, shi ke shaida cewa mutum mazaunin nan ne. Ga wanda ba ya motsawa abin ba wuya. Ga irinmu masu raba shekara gida biyu, sai an ga gidan da ido, an iske sunan maigida cikin littafin Maigari, sannan mai neman kati ya amsa tambayoyi da bakinsa. Sunan da ke cikin littafin Maigari naka ne, tun rabon gadon Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban taɓa jin zafin haka ba. Kai ne ɗan fari, gidan ubanka ne.

Ka kuma san abin da muke yi kafin mu tashi, don kai Baba ke ɗorawa bisa katanga kana yaro. Mu sauke jinkar kowane ɗaki, mu cire ƙyamare, mu kai su garkar maƙwabcinmu Kamalu su yi rani a can. Da, saboda gara da gobarar daji ake yi. Yanzu an sami dalili na uku, don masu yawo da ashana ba su ɓata lokaci ga ɗakin da ba shi da rufi. Kowa a nan ya san gidan da aka sauke wa jinka gidan masu dawowa ne. Wanda ya tafi ba dawowa ba ya tsayawa kwance igiya. Amma masu rajista ba 'yan nan ba ne. Shi ya sa muka yi da kai tun kaka cewa kai za ka tsaya mana.

Sun zo cikin azumi. Maigari ya yi shela saura kwana takwas, Kamalu ya kira ka a ranar, ka ce masa in sha Allahu. Ranar da suka iso ƙofarmu Kamalu ya tafi cin kasuwar Bafarawa. Matarsa Maryamu ta leƙo ta katanga ta ce musu masu gidan na nan tafe da damina, suka ce mata duk kangon da suka wuce haka ake faɗa a kansa. Ban ga laifinsu sosai ba, Yaya. Daga garin Isa zuwa nan ƙauye nawa suka ratsa wanda mutanensa suka watse da gaske? Suka ɗauki hoto, suka rubuta kango. Na ga hoton da idona daga baya. Ɗakin Inna ne, sama a buɗe, akuyar Maryamu tsaye tsakar ɗaki ta ɗaga kai tana kallon mai ɗauka kamar ita ta gaji gidan. A iyalin Babanmu Malam Jabir kaf, ita kaɗai ta halarci rajista.

Da katin kawai ne, wallahi da ban ɓata tawada ba. Shekara arba'in da shida na yi ba shi, ban rasa hanyar gida ba. Idon Inna ne. Abin da ka bari shekara huɗu da suka wuce, tana cewa tana ganin hazo-hazo, yanzu ya zama yana. Na dama ya yi fari fat, na hagu yana bin sa. Tana gane mutane da tari da takun ƙafa. Bana ta matsa sai ta yi shuka da kanta kamar kullum, tana zuba iri tana rufewa da diddige, layinta ya karkace ya shiga gonar Kamalu. Shi da kansa ya ce a bar shi, in ya nuna nata ne. Ran nan da la'asar na shigo na iske ta tana salla ta fuskanci arewa. Na jira ta sallame, na kama kafaɗunta na juya ta gabas. Ta sake tayar da sallar. Tun ran nan na kafa mata turke a tsakar gida, tana lalubo shi ta san alƙibla.

To, an sanar cewa wata ƙungiyar likitocin ido za ta zo Sakkwato bayan damina su yi wa tsofaffi aikin yana kyauta. Ma'aikacin asibitin da ya duba ta a Isa ya ce irin nata ake nema, kuma jinkiri ba alheri ba ne gare ta. Sharaɗi ɗaya suka sa, wanga kati, don kada mutanen tsallake su cika layi. Ƙarshen Agusta za a rufe ɗaukar sunaye. Ka ga ke nan kati ba kati ba ne, idon uwarka ne.

Bayan Babbar Salla na ɗora ta bisa babur, na zauna bayanta na riƙe ta, muka tafi Sabon Birni inda suka buɗe ofishin wucin gadi. Mun iske layi har bakin titi. Wanda ke bisa tebur, Malam Marwan, mutumin birni ne, dattijo, ba shi da wulaƙanci. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ya tambayi garin haihuwa, ta faɗa, har ta ƙara masa da sunan rijiyar da aka yi mata wankan jego. Sai ya ce ta faɗi cikakken sunan maigidan da take zaune a ƙarƙashinsa. Inna ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta kawar da fuska ta ce yayansu ne, tana nuna inda take jin numfashina. Na buɗe baki za ni faɗa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce wagga tambaya ba a amsa wa mutum ita, don da ita suke gane waɗanda aka ɗauko daga tsallake aka koya musu magana a hanya.

Na yi masa bayani da duk ladabin da na iya. Na ce ɗanta na fari ne, kuma sunan da ke biye na mijinta ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ɗayansu ya fito bakinta ba. Kai "yayanku" ne, Baba kuwa "shi". Ya ce ya sani, kakarsa ma haka take, amma a cikin kowane goma da suka yi shiru gabansa, tara kunya suke cewa. Na ce ya dubi fuskarta, ga tsagar Gobirawa nan tun daga baki har kunne. Ya yi murmushi ya ce Gobirawan Tsibiri da ke tsallake ma wanzami ɗaya ya yi musu. Nan dai ya fi ni gaskiya. Muka hau babur muka dawo.

A makon nan na kira ka sau bakwai, ka ɗauka sau biyu. Na farko ka ce kasuwa ta rikice bayan Salla. Na biyu ka ce hanya ba ta biyuwa. Gaskiya ne hanya ba daɗi, ba na musu. Amma hanyar da ka ce ba ta biyuwa, mafi munin yankinta shi na bi da tsohuwa makauniya a gabana, ga laka, ga kwazazzabo, ga daji wanda mai babur ke kashe rediyo in ya shige shi. Sai ga Na'Allah ya kawo saƙonka, turmin atamfa biyu da gwangwanin madara. Mun gode, Allah Ya ƙara arziki. Atamfar tana da kyau ƙwarai, na gaya mata launinta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Mako biyu bayan zuwanmu na farko, Inna da kanta ta ce in nemo mai babur. Ban tambaye ta dalili ba. Da muka isa, muna zaune gindin dalbejiya muna jiran layi, ta jawo hannuna ta tambaye ni ko in ta faɗa shi ke nan an gama. Na ce haka nake zato. Allah Ya yafe mini wagga amsa. Da aka kira mu, Malam Marwan ya gane mu, ya yi tambayar a hankali. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta yi magana can ciki, ba wanda ya ji. Ya ce ta ɗan ɗaga murya saboda na'ura. Sai ta ɗaga. Ta faɗi sunanka, Yaya, ta haɗa da na Baba, a gaban maza baƙi, ɗaki cike. Shekara hamsin da biyu tana riƙe da naka, na Baba ya fi haka. Muryar da ta fito ban san ta ba. Wata tsohuwa 'yar Kurawa da ke bayanmu ta dafe ƙirji ta yi salati, mazan da ke bakin ƙofa suka dubi ƙasa.

Malam Marwan ya ajiye alƙalami. Sannan ya ce ya yarda, wallahi ya yarda. Ya buga sunan cikin na'urarsa. Nan ne hoton akuya ya fito. Ya juyo mini da shi in gani, ya ce gidan nan an rubuta shi kango tun azumi, kuma ba a ba da kati a kan kango. Ya ce ba mai iya ɗage wannan sai maigidan da ke cikin littafi ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa. Ya ce da ya duba tun farko da bai sa ta faɗa ba, ya roƙi gafararta har sau biyu. Inna ta ce masa ba komai, ɗana. Ita ke ba shi haƙuri.

Muka dawo gida. Kwana uku ba ta fita ko ƙofar gida ba, don labari ya riga mu isowa, kuma ka san matan garinmu, ba da mugunta ba, kowacce sai ta zo jaje kamar an yi rasuwa. Rana ta huɗu tana tsintar wake da lalube, ta ce mini kada in gaya wa yayanku, zai ji ba daɗi. Ka ji. Ita ta kashe abin da ta fi shekara hamsin tana tattali, ba ta sami komai ba, kuma damuwarta kada ranka ya ɓaci. Na ce mata to. Wannan ne karo na farko da na yi wa Inna alkawari da niyyar saɓawa, kuma ga shi na saɓa. Ka ji ba daɗi, Yaya. Ina so ka ji.

Ba za ni yi maka wa'azi ba. Ka fi ni zama gaban malam, ka san wadda aka ambata sau uku kafin a ambaci uba. Kuma ban ce ba ka son ta ba. Na san kana son ta, irin son da ake yi daga nesa, wanda ba ya hawa babur. Na san kuma kana da iyali da rumfa da masu jiranka. Amma kwana biyu ne zuwa, kwana biyu komawa, yatsa ɗaya a tsakani. Ba mu ce ka zo noma ba. Jinkar ɗakinka ma ba mu ce ka zo ɗorawa ba. Damina huɗu ke nan ina tara maza su ɗora ta tare da sauran, in share ɗakin, in shimfiɗa tabarma, kaka ta yi in sa a sauke ba wanda ya kwana ciki.

Shekara goma sha tara na yi ina koya wa ɗiyan mutane a firamare cewa takarda har bayanta ake karantawa. Da muka dawo na juya takardar da suka ba mu a ofishin kati na karanta ƙananan rubutun da ba mai dubawa. A can ƙasa an ce in maigida ya yi damina uku bai kwana gidan ba, Maigari na iya rubuta wanda ke riƙe da gidan a madadinsa, da shaidu biyu. Na kai wa Malam Marwan, ya sa tabarau ya karanta, ya ce haka ne, shi ma bai taɓa lura ba. Na kai wa Maigari. Ya ce tun kakansa ba a taɓa rubuta mace a wannan shafi ba alhali ɗa namiji na raye. Na ce masa tun kakansa ba a taɓa ɗaukar akuya hoto a matsayin mai gida ba. Ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce zai yi, amma sai na ba ka haƙƙinka na sanarwa a rubuce. Wagga takarda ita ce sanarwar. Kawu Illo ya yarda zai tsaya shaida, bai ji daɗi ba amma ya yarda. Kamalu ma haka.

Tun makon jiya da na iya gamawa. Abin da ya tsayar da ni Inna ce. Ba ta son a taɓa sunanka a littafin nan. Ta ce shi ne abin da ya rage naka a gidan. Na tambaye ta in an kwance mata ido me take so ta fara gani, ta ce gero ya fid da kai, da yayanku. Saboda wannan na ƙara maka kwanaki, ba don sun yi mini yawa ba.

Ka gai da matarka Fadima da kyau, ka ce mata na gode da yajin da ta aiko, kuma ban sa ta cikin wagga magana ba, na san ba ita ta riƙe ka ba. Ka shafa mini kan Fatihu da Ni'imatullahi, da ƙaramar Khadija da ba mu taɓa gani ba sai a waya. Kawu Illo na gaishe ka, Kamalu da Maryamu na gaishe ka, Bilki da maigidanta sun ce a isar da tasu. Inna ba ta san na rubuto ba, amma da ta sani da gaisuwarta ta fi ta kowa tsawo, don haka ka ɗauka ta gaishe ka.

Malam Marwan ya ce kati na cin kwana goma kafin ya fito. Saboda haka ina jiranka har ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta, zuwa faɗuwar rana. In ka zo, ɗakinka a share yake, za ni dama maka fura da hannuna, mu tafi Sabon Birni tare, kuma ba za ka ƙara jin wagga magana daga bakina ba har abada. In rana ta faɗi ban gan ka ba, ranar Alhamis da hantsi za ni ɗauki Kawu Illo da Kamalu mu tafi zauren Maigari, a ja layi bisa sunanka a rubuta nawa. Gadonka na nan, ba mai taɓa maka ko taki ɗaya na gona, kuma duk ranar da ka zo za a yi maka shimfiɗa a yanka maka kaza, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo mai daraja. Daga zauren Maigari za ni ɗora Inna bisa babur karo na uku. In Malam Marwan ya tambaye ta sunan mai gidan da take zaune, ba sai ta ja mayafi ba. Sunana bai taɓa yi mata nauyi ba; shekara arba'in da shida tana ƙwala shi daga madafa har bakin rijiya.

Allah Ya kawo ka lafiya kafin Laraba.

Wassalam. Ƙanwarka,
Sa'adiyya Jabir